Ku Tambayi Inna: Konje ya kusa, sanyi ya shigo, aljihu kuma shiru

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da hunturu. Wasiƙun wannan karon kusan duk ƙamshin hayaƙi suke, wannan sanyi wancan hazo. Na ɗauki uku, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Inna barka da sanyi. Ni matar mushe ce, wato malamin makaranta, a Sabon Gari, yarana huɗu, babban yana CM2, ajin ƙarshe na firamare. Ga konjen ƙarshen Disamba, wato hutun makaranta, ya matso, tun yanzu sun fara isa ta, wai a talho suna ganin yaran Faransa ana kunna musu fitilu ana raba musu kado, wato kyaututtuka, mu me ya sa ba mu da komai. Albashin maigida kuma kin san halinsa, kafin 20 ga wata ya yi mana sallama. Ran nan autata ta ce "Mama mu talakawa ne ko?" wallahi sai da na shige ɗaki na yi shiru. Me zan yi musu wanda ba zai ci kuɗi ba?
Daga uwar yara huɗu

Amsa: 'Yata sannu, Allah ya raya miki su. Da farko dai ki zaunar da su ki faɗa musu gaskiya, abin da suke gani ɗin Nowel ne, sallar Kiristoci ce ta 25 ga Disamba, kuma ko nan Damagaram maƙwabtanmu Kiristoci suna yi, ranar ma ba a zuwa buro. Fitilun kuma akwai dalili, can a Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma ta cika rana ta fara faɗuwa, ga duhu ga sanyi mai shiga ƙashi, dole su kunna wuta ko ransu ya yi haske. Ku kuwa kuna da salla biyu a shekara har da hawan sarki, ki tambaye su ko yaron Faransa ya taɓa ganin doki cikin kwalliya a ƙofar fada.

Amma ni fa ban yarda kado suke nema ba. Yaro so yake wata rana ta bambanta da sauran ranaku, shi ke nan, kuma kin yi sa'a don babu lokacin da garin nan ya fi albarka kamar yanzu. An gama girbi, damman hatsi sun shiga rumbu, wake sabo, gyaɗa sabuwa, raken wajen Matameye da Magarya ya cika bakin hanya, ga dankali ga fara. Watan Afrilu ne zan ba ki haƙuri, lokacin da zafi ke sa mutum ya manta sunan ɗansa, ba yanzu ba.

Bari in gaya miki abin da kakata ke yi mana a Birni. Bayan isha'i za ta sa a fito da kasko tsakar gida, ta zuba garwashin da aka sauke tuwo a kai, ta tura dankali uku ko huɗu cikin toka ta rufe, mu kuma mu kewaye ta kowa da zanen uwarsa ya ƙudundune sai idanu. Sai ta ce ga ta nan ga ta nanku. Dokarta ɗaya ce, ba a taɓa dankali sai an ce ƙurunƙus, to ki ga yadda muke sauraron gizo da ƙoƙi da kunne ɗaya hanci kuma yana cikin toka, wani lokacin da gangan take jan labarin, gizo ya tafi ya dawo ya sake tafiya, mu kuma yawu kamar ya ƙare. In ta tono shi baƙi ƙirin, ta buge tokar da gefen hannu ta ɓare shi biyu, tururi ya tashi, cikin nan jawur da zaƙi, kana jefa shi daga wannan hannu zuwa wancan kana hurawa kana ƙonewa kuma ba ka yarda ka aje. Na ci abinci a manyan wurare daga baya, har da inda ake ba mutum cokali uku, ban tuna ko ɗaya ba. Dankalin nan kuwa har yau ina jin zafinsa a yatsa. Ki gwada, amma talho ya kwana a ɗaki, har da naki, don ku iyayen yanzu kun fi yaran.

Ran Alhamis ki kwashe su zuwa kasuwar Dole, ki ba kowa dala ashirin a hannunsa ki ce ya yi cinikinsa da kansa, ke dai kallo. Wani zai sayi gutsuren rake, wani fara mai yaji, wani kuma zai riƙe kuɗin gam har a dawo gida, daga nan za ki san wanda zai riƙe ki in kin tsufa. In an samu na mota wata Lahadi a leƙa Miriya, ba nisa, ranar kasuwarsu ce ga garake kore shar.

Wata safiya kuma in rana ta ɗan ɗaga ku taka cikin Birni, su ga fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gidajen nan masu zane, su hau duwatsu su hango gari. Babansu mushe ne, ya faɗa musu Sarki Tanimun da ganuwarsa, ya faɗa musu nan ne babban birnin ƙasa kafin Nasara su mayar da shi Yamai a 1926. Ga 18 ga Disamba ma tana zuwa kafin konjen, ranar da aka kafa jamhuriya a 1958, babban naku ƙila ya ji labarin Zinder Sabuwa ta 2018 da aka yi bikin a nan, gari ya cika da baƙi. Sannan in aka fara kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa da ake ba zakara takobi, ai kin huta, tun 1975 da aka soma ta a Tawa babu abin da ke tara 'yan Nijar gaban tele da rediyo kamar ta. Ki bar su su shata fili a tsakar gida, wannan ya ce shi ne Langa-Langa wancan ya ce Isaka Isaka, ke ce alƙali, takobin kuma karan dawa. Ki dai kawar da turmi da randa tukuna.

Maganar auta kuwa, kar ki yi mata wa'azi mai tsawo. Ki ce mata muna da abin da za mu ci yau, kuma ke ce za ki tono dankali.

Tambaya: Inna ina wuni. Mu 'yan fada ne, wato majalisar hira ta unguwa, a Garin Malam, gardama ta kaure mana wajen shayi. Me ya sa da asuba sanyi kamar a mutu amma da azahar sai mutum ya cire rigar sanyi? Kuma madam ta ce za ta riƙa shigo da kaskon wuta ɗaki saboda jariri, ya kika gani?
Daga mai dafa na uku

Amsa: Ɗana, na biyun zan fara amsawa don shi ne mai kashe mutum. Kar ta shigo da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi in yana ci inda iska ba ta shiga yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala ya zaci barci ne, jariri kuma ya fi kowa saurin kamuwa. A ji ɗumi a waje, in za a kwanta a kashe wutar, a sa wa yaro hula da safa a ƙara bargo. Ban da ma gobara, kowace shekara lokacin nan sai an ji.

Gardamarku kuma, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso sahara, busasshiya ƙayau, hazon nan da ke rufe duwatsu da yawansa daga wajen Cadi yake tasowa. Da yake babu laima a iskar kuma babu gajimare, zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere sama da dare babu abin tare shi, shi ya sa asuba kan sauko wajen digiri 15 ko ƙasa, azahar kuma ta koma kusan 30. Bushewar nan ce ke fasa leɓe da dunduniya, a shafa man kaɗanya bayan wanka tun jiki da ɗan danshi, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Shayi ba ruwa ba ne, na san ku.

Tambaya: Inna ni ɗalibi ne a jami'ar Yamai, jika goma sha biyar ta rage mini. In zo gida konje ko in zauna? Wallahi kewar kunun tsamiyar Hajiyata da ƙosan safe ta hana ni karatu.
Daga ɗanki na nesa

Amsa: Ɗana ka zauna. Kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a cikin kar, wato motar bas, zuwa da dawowa kuɗinka ba su kai ba, kuma in ka zo da hannu biyu ƙannenka za su yi maka kallon da zai fi kewar ciwo. Ka kira Hajiya da safe lokacin da take damu ku sha hira, ka roƙe ta ta ƙulla maka garin kunu da tsamiya da fara da ɗan alkaki a ba wa kar ya kai maka. In saƙon ya iso ka tara 'yan Damagaram na ɗakinku ku dama tare, amma ka ɓoye alkakin, na san yaran Zango ba su da ta ido.