An ba 'yata Tarihi maimakon Lauya, wani ya ce in kawo kuɗi a canja mata

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Dakta. Ni magidanci ne a Rigasa, ina da ɗan shago a Kasuwar Barci. 'Yata ta fari ta cike Lauya a JAMB, ta ci 231, ta yi sikirinin lafiya, sai da muka je kafe muka duba aka ga wai Tarihi aka turo mata. Tun ranar kuka take, uwarta ma ta hana ni sakat. Abokaina na kasuwa suna ce min fakaltin Arts ya riga ya mutu, ɗalibai sun gudu, ba kuɗin bincike, har wai gwamnati za ta rufe irin waɗannan kwasa-kwasan. Sannan akwai wani da aka haɗa ni da shi, ya ce yana da hanya a ofishin admishan, kada ta kuskura ta taɓa wancan, in kawo dubu 350 zai samo mata silot ɗin wani babba a Lauya ta fara shiga aji, na JAMB a gyara daga baya. Har na sa babur ɗina a kasuwa. Dan Allah a ba ni shawara, hankalina ba a kwance yake ba.

AMSA:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, ka je ka karɓo babur ɗinka daga hannun dillali yau ɗin nan, kada ka bari ya kwana. Sauran magana mu yi ta a tsanake.

Ni ina koyarwa ne a fakaltin Arts, kuma ina cikin masu zaman tantance sababbin ɗalibai, so wannan kukan na "na cike Lauya an ba ni Tarihi" duk shekara sai mun sha shi. Ba wanda ya tsani 'yarka. Lauya kos ne mai ƙayyadadden adadi, Majalisar Kula da Karatun Lauya ita ke yanka wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka saboda guraben makarantar horas da lauyoyi, kuma ta sha dakatar da jami'o'in da suka zarce adadinsu na tsawon shekaru. Toh ka ga kujeru kaɗan, masu nema dubbai. A jami'ar tarayya ana raba guraben ne kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da ke baya a ilimin boko, jami'ar jiha kuma sai ta duba 'yan jiha da rabon ƙananan hukumomi 23 da muke da su. 231 maki ne mai kyau wallahi, amma a layin Lauya akwai waɗanda suka fi ta da yawa. Da aka ga ba ta shiga ba sai aka duba inda takardunta suka dace kuma akwai fili, aka turo mata Tarihi. Wasu ma ko wannan ba su samu ba, suna gida.

Yanzu mu zo kan wannan mai hanyar, don shi ne ya sa na ajiye makin jarrabawa na zauna rubuta maka amsa.

Alhaji, tun 2017 babu wani admishan na halal a Najeriya da ba ya bi ta CAPS, wato manhajar JAMB ɗin nan da kuka duba a kafe. Yadda abin yake, jami'a ce ke zaɓo sunaye, shugaban jami'a ya miƙa, JAMB ta amince, sannan sunan ya fito wa yarinya a shafinta ita da kanta ta danna ta karɓa ko ta ƙi. Daga nan ne take iya buga takardar admishan ta JAMB, daga nan ne sunanta ke shiga babbar rijistar ɗalibai ta ƙasa, kuma da wannan rijistar ce NYSC ke aiki in an zo tura yara bautar ƙasa. Duk wanda ya ce maka "ta fara shiga aji a gyara daga baya", cewa yake ta yi shekara biyar tana karatu alhali a takardar gwamnati ba ta taɓa zama ɗalibar Lauya ba. Da can akwai wata kafa da ake kira regularization, wato a gyara wa ɗalibi admishan a JAMB bayan ya riga ya shiga makaranta, mutane suka maida ita hanyar mota, JAMB ta yi ta gargaɗi tana cewa ta daina wanke admishan ɗin da aka yi a ɓoye. Amma har gobe 'yan damfara da wannan tsohuwar maganar suke cin abinci, domin iyaye sun taɓa jin wani ɗan unguwarsu an gyara masa shekarun baya.

Kai da kake Kaduna ai ka san wanda ya sayi fili a hannun ɗan kamasho ba takardar KADGIS, hukumar filaye ta jiha, ya yi gini har da fenti, ya tare da iyali, ana ta yi masa Allah sanya alheri, sai ranar da katafila ta shigo layin. Toh daidai wannan ne.

Kuma yawanci abin ma bai kaiwa can. Na riƙe irin takardun da suke bayarwa a hannuna ba sau ɗaya ba. Uba zai shigo ofis da fayil a hammata yana murmushi, ya miƙo maka wasiƙa, tambarin jami'a ya miƙe kamar an ja shi da hannu, sa hannun rajistara an kwafo shi daga wata tsohuwar takarda har da ɗan baƙin inuwa a gefe, sunan fakalti ma an rubuta shi ba daidai ba. Ka tambaye shi risit, sai ya nuna maka alat a waya, ya tura kuɗi akawun ɗin wani mutum a Opay. Ka buɗe kwamfuta ka sa lambar JAMB ɗin yarinyar, babu ita babu dalilinta. A kira mai hanya, waya a kashe. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sau da yawa yarinyar tana da admishan ɗinta na gaskiya a CAPS, an ce mata kada ta taɓa, har lokaci ya wuce. An yi biyu babu, kuɗi sun tafi, gurbi ya tafi, sai wata shekarar kuma a sake sayen fom. Kuma uban nan ba zai iya zuwa ya kai ƙara da ƙarfin gwiwa ba, don shi ma ya san cin hanci ya bayar.

Akwai kuma wani salon da ya fi wannan rainin hankali. Mutum zai karɓi kuɗin iyaye goma, bai yi komai ba, ko ƙofar ofishin bai sani ba, ya zauna yana jiran lis na biyu da na uku su fito. Cikin goman nan dole wasu za su samu da ƙoƙarinsu, sai ya bugi ƙirji ya ce aikinsa ne, su kuma su yi ta tallata shi a majalisa, waɗanda ba su samu ba ya ce musu oga ya yi tafiya. Shi ya sa za ka ji ana rantsuwa cewa "wallahi ya yi wa ɗan wane". Bai yi wa kowa ba. Ba ina ce maka duk ma'aikatan jami'a waliyyai ne ba, akwai ɓata-gari kamar ko'ina, amma ko ɓata-garin ba shi da ikon sa sunan 'yarka a CAPS daga cikin ɗakinsa, kuma in asiri ya tonu ɗalibar ake fara kora, ko da tana ajin ƙarshe.

Don haka kada ku ba kowa lambar sirrinta ta JAMB, kada ku ba da layin wayar da ta yi rijista da shi. Kuɗin makaranta ta fotal ɗin jami'a ake biya ko ta Remita a ba ka risit mai sunan jami'a, duk wanda ya turo maka lambar akawun mai sunan mutum ka san inda aka dosa. In tana son canjin kos akwai hanyoyinsa a fili: jami'a da kanta tana iya turo tayin canji ta CAPS, ko ta shiga ta yi shekarar farko ta fito da sakamako mai ƙarfi ta nemi canjin fakalti a rubuce, duk da gaskiya zan gaya maka zuwa Lauya da wuya ake samu saboda wancan adadin. Ko ta haƙura ta sake JAMB baɗi. Ko ta gama digirinta na Tarihi ta dawo Lauya ta DE, wato shiga kai tsaye da takardar digirinta, akwai lauyoyi da yawa da haka suka yi. Ka kuma duba tana da kiredit a Adabin Turanci, in babu shi ko maki nawa ta ci ba Lauya.

Maganar abokanka na kasuwa kuma, a gaishe su, amma su tsaya kan farashin atamfa. Abin da yake gaskiya a ciki shi ne tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe yana cewa a ba kimiyya kashi 60, ɓangaren Arts da danginsa kashi 40 wajen ɗaukar ɗalibai, kuma an taɓa cire Tarihi daga manhajar ƙananan makarantu na tsawon shekaru kafin a dawo da shi, wannan ya kashe wa yara sha'awarsa ƙwarai. Amma ɗalibai sun gudu? Su zo su leƙa ajin Turanci ko Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci da safe su gani, wasu a taga suke tsayawa. Matsalarmu ba rashin ɗalibai ba ce, rashin isassun azuzuwa da malamai ne. Kos kuma ba a rufe shi da jita-jitar shago, NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ce ke zuwa tantancewa, kuma kana iya tambayar dipatmen kai tsaye ko kos ɗinsu yana da cikakkiyar amincewa, haƙƙinka ne.

Kuɗi kam ba zan ɓoye maka ba, talakawa ne mu. Albashi daga gwamnati yake zuwa, gine-gine da tura malamai ƙaro karatu da ɗan kuɗin bincike mafi yawa daga TETFund ne, asusun da aka kafa da dokar 2011 ana tara masa daga harajin kamfanoni, shi ya sa duk jami'ar gwamnati da ka shiga za ka ga sunansa a jikin bango. Man janareto da takarda da alli kuma daga kuɗin da ku iyaye kuke biya. Wannan ne ya sa rijista ke ta hawa, ka tuna a 2021 da aka kai na KASU, jami'ar jihar Kaduna, naira dubu 150 a kwasa-kwasai irin namu, har sai 2023 Gwamna Uba Sani ya rage zuwa dubu 105. In kuɗin rijista ne ke ba ka tsoro akwai NELFUND, asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, da ya fara aiki a 2024, bashi ne ba ruwa, kai tsaye ake biyan makaranta, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Amma ka lura, sai da admishan ɗin JAMB na gaskiya ake nema. Mai silot ba ya ciki.

Binciken namu ba ya cin kuɗi irin na masu lab, kuɗin mota ne da rikoda da hoton takardu, amma ɗan wannan ɗin ma kafin fayil ya zagaya ofisoshi, wannan ya sa hannu wancan ya tafi taro, kuɗin su fito, farashin mai ya ninka, wani lokaci ma dattijon da ka shirya zuwa ɗaukar tarihi a bakinsa ya riga mu gidan gaskiya. Da yawanmu daga albashi muke cirewa mu buga maƙala. Duk da haka 'yar Kaduna da za ta karanta Tarihi ta taki sa'a, don kayan aikin a ƙofar gidanta suke. Ga Gidan Arewa a titin Rabah, gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya maida cibiyar bincike, yanzu tana ƙarƙashin ABU. Ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a titin Yakubu Gowon, cike da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa da rubuce-rubucen Larabci da ajami, Turawa daga Ingila da Amurka jirgi suke biya su zo su zauna a kansu, mu kuma muna wucewa a Keke ba mu ko waiga ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ai malamin Tarihi ne a Zariya, ka tambayi manya ko akwai gwamnatin da ta raina shi.

Aiki kuwa babu kos ɗin da ke zuwa da shi a aljihu yanzu, har Lauyan, je ka harabar kotu ka ga matasan lauyoyi suna jiran mai neman afidabit. Masu Tarihi suna koyarwa, suna aikin jarida, suna aikin gwamnati, suna shiga soja da kwastan da digirinsu.

Sannan Alhaji mu ji tsoron Allah mana. Mu ɗauka ma mutumin nan gaskiya yake faɗa, kujerar da zai ba 'yarka ta wa ce? Ta 'yar wani talaka ce a Kafanchan ko Birnin Gwari da ta fi ta maki, ubanta ba shi da babur ɗin sayarwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, bai ware na admishan ba. Muna zagin shugabanni a majalisa da daddare, da safe mu ɗauki ambulan mu tafi neman hanya, kuma yarinyar da kake so ta zama mai kare gaskiya a kotu ka fara mata da wannan.

Ka zaunar da ita da mahaifiyarta, ka tambaye ta ita me take so tsakani da Allah, don wani lokaci Lauyan na iyaye ne ba na yaran ba. In za ta karɓi Tarihi ta danna da wuri kafin wa'adi ya cika, ta buga takardarta ta JAMB ta adana. In ba za ta karɓa ba ta koma lesin ta shirya wa baɗi. Shi kuma mai hanya in ya sake kira, ka ce masa ka amince, amma sai sunanta ya fito a CAPS a ƙarƙashin Lauya ka gani da idonka sannan ku yi maganar kuɗi.