Furen ruwan sama mai ruwan ɗorawa: amsoshi ga masu lambun gida a Damagaram

Tambayoyin wannan karon duk kan fure ɗaya suke, wanda masana ke kira Zephyranthes citrina, asalinsa daga Meziko. Ganyensa siriri ne kamar ciyawa, da wuya ya wuce santimita 30, kansa kuma yana cikin ƙasa kamar ƙaramar albasa. Kwanaki kaɗan bayan ruwa mai ƙarfi sai ya fitar da fure rawaya, kowane fure ya yi kwana biyu ko uku ya yanƙwane.

Wata uwargida daga unguwar Birni ta ce an kawo mata kawuna 20 a tsakiyar bazara, tana son sanin lokacin shuka da yadda ake yi.

Hajiya, ki dakata sai damina ta faɗi, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Kafin nan ki binne kawunan cikin busasshen rairayi a inuwa, kada ki ƙulle su a leda, gumi zai ruɓar da su. Ki samu tukunyar ƙasa mai faɗin baki kamar santimita 30, ki huda gindinta wuri uku ko huɗu, ki jera fasassun kasko a kan hujin. Haɗin ƙasa: rairayi kwano biyu, ƙasar lambu kwano ɗaya, takin dabbobi da ya ruɓe sarai kwano ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana jawo gara. Ki dasa kowane kai tsininsa sama, ƙasa ta rufe shi da kamar santimita 3, tsakaninsu faɗin yatsa uku. Tukunya ɗaya za ta ɗauki goma zuwa goma sha biyu, kuma ya fi yin fure in yana cunkushe. Ki ajiye inda zai sha hantsi, inuwar katanga ta rufe shi bayan azahar.

Abu ɗaya nake roƙon ki da shi: kan wannan fure guba ne, kuma kamarsa ɗaya da ƙananan albasa, sai dai ba shi da warinta. Kada ya kusanci madafa, kada yara su yi wasa da shi, a kuma kare shi daga awaki.

Wani mai lambu a Mirya ya ce shekararsa biyu yana ba shi ruwa safe da yamma tare da takin uriya, ganye ya yi shar amma fure ko ɗaya babu.

Malam, kulawar ce ta yi yawa. Wannan shuka ba latas ba ce. Abin da ke sa ta fure shi ne ƙasa ta bushe na ɗan lokaci, sannan ruwa ya jiƙa ta sharkaf. In kullum ƙasa a jiƙe take, ba ta samun wannan canjin, uriya kuwa ganye kawai yake ƙarawa. Ka daina uriya gaba ɗaya. Ka janye ruwa mako biyu zuwa uku, sannan ka kwarara mata har ya fita ta gindin tukunya. Ruwan sama ya fi na rijiya tasiri a nan, don haka in an yi ruwa ka tara a randa. In kana son taki, rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15 ga tukunya ɗaya a farkon damina ya isa, a gefe, ba a kan kawunan ba. Ka duba inuwa ma: ƙarƙashin mangwaro ko dalbejiya mai duhu ba zai yi fure ba. A gari irin namu da ruwa ke tsada, wannan hali nasa alheri ne.

Wata kuma ta tambaya: ganyen ya bushe ƙurmus a watan Afrilu, ya mutu ke nan?

A'a, kwantawa ya yi. Ki tona kai ɗaya ki matsa. In da tauri, yana raye: mayar da tukunyar inuwa, ki yayyafa ruwa kaɗan sau ɗaya a mako biyu har damina. In ya yi laushi yana wari, ruwa ne ya kwanta masa, ki cire ruɓaɓɓun ki sauya ƙasa. Da damina ki riƙa duba ganye saboda wata baƙar tsutsa mai ɗigo-ɗigon fari da rawaya, wadda ke cin ganye ta gangara cikin kai. Tsince ta da hannu ya wadatar.

Sai masu tambayar yadda za su ƙara yawansa. Mai ruwan ɗorawa ba ya yawan fitar da ƙananan kawuna a gefe kamar ɗan'uwansa mai farin fure, amma yana da iri sosai. Bayan fure zai yi ƙwanso mai ɗaki uku. Da ya fara tsagewa, a kwashe baƙin irin nan mai faɗi kamar takarda a shuka nan take, domin ba ya jure ajiya. A rufe shi da rairayi kaɗan, a riƙe danshi, zai tsiro cikin 'yan makonni. Fure sai bayan shekara biyu ko uku.