Amsoshin Tambayoyinku: Agogo Goma, Lokaci Goma

Tambaya: Ni shugabar wata makarantar kwana ce ta 'yan mata a Zariya. Kowane aji da agogon bangonsa, kowane agogo kuma da nasa lokacin. A jarrabawar da ta wuce an karɓe takardun wani aji minti 6 kafin na maƙwabtansu, har iyaye suka zo ofis. Abin ya hana ni barci. An ce akwai agogunan da ke daidaita kansu ba tare da an ja waya ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba sakacinki ba ne. Agogon batir, ko mai kyau ne, yakan yi gaba ko baya da 'yan sakan a wata, zafin Afrilu kuma ya ƙara masa. Shekara na zagayowa sai ki ga mintoci sun taru.

Tsarin da aka ba ki labari yana da uwar agogo guda, wadda ake ajiyewa a ofis. Tana karɓar lokaci daga tauraron ɗan Adam na GPS ta eriyar da ake kafawa a saman rufi, ko kuma daga intanet, sannan ta watsa shi ta sigina zuwa sauran agogunan, su gyara hannunsu da kansu. Ni na fi son na GPS, domin ba ya cin data, ba ruwansa da ko sabis ya ɗauke. Amma kada ki biya kuɗi duka tukuna. Mai sayarwa ya zo da uwar da agogo ɗaya tak, a zaga da shi aji-aji, musamman na can ƙurya da na ƙasan bene, saboda kankare da rodi suna cinye sigina. A kowane aji a cire batirin a mayar, ki tsaya da kanki ki ga hannun ya zagaya ya tsaya daidai. Inda ya ƙi, sai an ƙara na'urar ƙarfafa sigina, kuma a rubuta kuɗinta tun a farko. Uwar ta zauna a kan inbata ko sola, eriyar kuma a yi mata kariyar tsawa kafin damina.

Tambaya: Na sayo agogo 15 don asibitina a Kano, an rubuta "Radio Controlled" a kwalinsu. Wata biyu ke nan ba wanda ya daidaita kansa. Ko jabu ne?

Amsa: Alhaji, ko da na asali ne an cuce ka. Irin wannan agogo ba shi da uwa a gininka, wata tasha yake saurare a ƙasar waje. Na Jamus suna jiran siginar DCF77 da ake watsawa daga Mainflingen, kusa da Frankfurt, wadda iyakarta kusan kilomita 2,000. Kano kuwa ta haura kilomita 4,000 daga can. Na Amurka tashar WWVB ta jihar Colorado suke jira, na Ingila kuma MSF. Babu ɗaya da aka yi dominmu. Kai, ko da siginar Jamus ta iso ma, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, mu kuwa ba ma sauya lokaci.

Abin da ke ba ni haushi, mai shagon bai san wannan ba, ko ya sani ya yi shiru, kai kuma ka ga rubutun Turanci da hoton eriya a kwali ka zaro kuɗi. Haka muke yi da sola, haka muke yi da batir. Tambaya ɗaya ce za ta cece ka: daga ina agogon nan yake samun lokacinsa? In mai kaya ya fara kame-kame yana cewa ai na zamani ne, ɗauki jakarka ka ƙara gaba. Kuma guda 15 a tashi ɗaya, ba gwaji, ba rasit mai sharaɗin mayarwa! Da ɗaya ka saya ka rataye mako guda, da asarar ba ta kai haka ba.

Tunda na ambaci batir: agogo mai tsada da batirin jabu, banza ne. Na taɓa buɗe bayan wani agogo a wani ofis na tarar batirin ya tsiyaye, farin gari ya cinye ƙarfen da yake taɓawa. A sayi batir mai kyau a wurin dillalin da aka sani, a rubuta ranar da aka sa shi a bayan agogon, a sauya duka rana ɗaya. Naka dai yanzu ka saita su da hannu, su yi maka aikin agogo na yau da kullum.

Tambaya: Ɗan'uwana a Amurka zai aiko mana da cikakken tsarin agogo mai uwa. In karɓa?

Amsa: Ka tambaye shi abu biyu. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, in na'urar ba ta karɓar duka biyun tana shiga soket za ta ƙone. Sannan wasu tsarukansu suna watsawa a zangon rediyo na 900 MHz, inda layukan wayarmu suke aiki. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ke da iko da zangon rediyo na sadarwa, a tuntuɓe ta kafin kaya su baro can.

Tambaya: Masallacinmu yana bukatar wannan tsari?

Amsa: A'a. Agogon salla guda mai kyau ya isa, amma a saita shi da garinku. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan rabin awa a faɗuwar rana, duk da agogonsu ɗaya ne.

Tambaya: Ina so in sa a gidana mai ɗaki uku, don in burge baƙi.

Amsa: Malam, wayar da ke aljihunka tana karɓar lokaci daga kamfanin layi kyauta. Duba ta ranar ɗaya ga wata, ka hau kujera ka gyara na falo. Ragowar kuɗin ka kai cefane.