Amsa ga Alhaji kan fandisho a ƙasar yumɓu

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce za ka gina ɗan ɗakin ajiya da kanka a gefen lambu, ƙasar wurin yumɓu ce, kana tambaya ko ka zagaye fandishon da tsakuwa don ruwa ya tsotse. To ka yi haƙuri, maganar ba ta tsakuwa ba ce. Ruwan nan ina zai bi ya fita? Nan za ka fara dubawa.

Yumɓu fa ba ya barin ruwa ya wuce, da shi ake gina randa. In ka haƙa rami ka cika shi da tsakuwa ba ka yi masa mafita ba, randa ka binne a gindin gininka. Kuma yumɓu da damina kumbura yake, da hunturu ya bushe ya tsuke. Wannan kumburi da tsukewar su suke tsaga bango, sai a ɗora wa birkila laifi, a ce ya rage siminti.

Yi lissafi. Rufin mita 4 da mita 3, a yi ruwa milimita 50 irin na watan Agusta, lita 600 ke nan, durom uku cur, duk a gindin bango. Don haka fara da sama: tare ruwan kwano, saka shi a bututu, kai shi kwatar layi. Bututun ya riƙa gangarawa aƙalla santimita 1 a kowace mita. Sannan ka yi daɓen kankare mai faɗin mita 1 ya zagaye ɗakin, ya karkata waje.

Wallahi abin da ya ci min katanga ke nan a unguwar Ɗorayi a Kano. Maƙwabcina ya juyo indararonsa saitin bangona. Na yi magana, ya ce ai ruwan Allah ne. Na turo dattijai, ya ce za a gyara bayan Sallah. Sallah ta wuce, damina ta wuce, fulasta ta fara zubowa, gishiri ya fito fari fat, daga ƙarshe katangar ta tsage tun daga ƙasa. Ni na biya kuɗin gyara, shi ko sannu. Bututu guda ɗaya fa! Har yau in na bi ta wurin... to, a bar wannan.

Zurfin fandisho, kai shi kamar mita 1, har ka tarar da ƙasa mai ƙarfi. Amma tsaya, fara tambayar tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne aka cike da shara, don Kano cike take da irinsu. In haka ne, mita 1 ba komai ba ce, nemo injiniya kawai.

Ciko kuma jar ƙasa ko marmara, a daddale sosai, kada ka mayar da yumɓun da ka haƙo. Dipisi, wato shimfiɗar da ke hana danshi hawa bango, ya kasance inci 6 sama da ƙasa. A'a, in layinku yana cika da ruwa, ƙara bulo ɗaya ko biyu. In akwai darbejiya kusa, matsa nesa da ita, saiwarta na zuƙe danshin yumɓu, gefe guda na ginin ya zauna.

Tsakuwar da kake so, saka ta, amma da bututu mai huji a ƙasanta, bakinsa ya fita kwata. In filinka yana ƙasa da kwatar, turo min hoton wurin bayan an ɗauke ruwa, in ga inda yake kwanciya tukuna.