Malamai nawa zan raba wa takardar tambayoyi?

Ɗan'uwa, ka ce malaman sakandare 500 ne a yankin da kake furojet ɗinka, ko dole sai kowa ya cike? A'a, nemi jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 mai nuna yawan samfuri, wato mutanen da za ka zaɓa daga cikinsu, mutum 500 samfurinsu 217 ne, in dubu ne 278. Amma fa inda ake kama ɗalibai ranar difens shi ne yadda suka zaɓo mutanen, kar ka tsaya makarantar unguwarku don ta fi kusa, rubuta sunayen makarantun duka ka yi ƙuri'a. Sannan ka fara gwadawa da wasu malaman daban, ka zuba amsoshinsu a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ka tabbata Cronbach, ma'aunin daidaiton tambayoyinka da juna, ya kai 0.7 kafin sufabaiza ya ga babi na uku.