Haƙuri, Afuwa Ko Gafara: Wanne Ake Bin Shugaba?

Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, Legas. Gardama ta kaure a majalisarmu bayan La'asar kan ziyarar da Sarkin Ingila ya kai Kenya. Wasu sun ce ya ba da haƙuri kan ta'asar mulkin mallaka, wasu sun ce bai nemi afuwa ba. Ashe ba duk ɗaya ba ne?

Alhaji, ba ɗaya ba ne, kuma wannan haɗa su da ake yi ya daɗe yana damuna. Ka saurari yadda muke furta su. In ka ce wa mutum "yi haƙuri", wa ka ɗora wa aiki? Shi. Shi zai haɗiye, shi zai danne zuciyarsa. Kai ba ka ce ka yi komai ba. Shi ya sa muke faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, da wanda gobara ta cinye masa rumfa, da fasinjan da cunkoso ya riƙe a Oshodi tun hantsi. Ba mu muka jawo musu ba. Kai, har azzalumi yana iya ƙwace maka fili ya aiko a ce ka yi haƙuri, bai kuma karya ƙa'idar Hausa ba.

Neman afuwa ko neman gafara wani abu ne daban. Akwai "nema" a ciki, wanda ke nema kuwa ya yarda abin yana hannun wani, ana iya ba shi ana iya hana shi. Duka biyun daga Larabci muka aro su. Tushen gafara yana ɗauke da ma'anar rufewa, a lulluɓe laifi kada a tona shi. Tushen afuwa kuma shafewa ne, kamar yadda iska ke shafe sawu a kan rairayi. Ba a rufe abin da babu shi, ba a kuma shafe sawun da ba a taka ba. Duk wanda ya ce "ina neman afuwa" ya riga ya amsa cewa akwai sawu, kuma nasa ne.

To Sarki Charles, a Nairobi a watan Oktoban 2023, baƙin ciki da takaici ya bayyana, ya kuma ce abin da aka yi wa mutanen Kenya ba shi da uzuri. Bai nemi afuwa ba. Mutanen majalisarku na biyu su ne da gaskiya. Haka ma a 2013, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9 a shari'ar tsofaffin 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar zamanin tawayen Mau Mau, sakataren harkokin wajenta William Hague takaici ya bayyana a majalisa, ya kuma ce gwamnati ba ta amince da alhaki a shari'ance ba. Sarkin Beljiyam ma, a wasiƙarsa ga shugaban Kwango a 2020, nan ya tsaya. Waɗannan mutane suna auna kowace kalma da lauyoyi a gefe, domin sun san amsa laifi yana jawo maganar diyya. Sai mai fassara a gidan rediyo ya zo cikin gaggawa ya ce "ya nemi afuwa", ya ba mutum kyautar abin da shi kansa ya ƙi furtawa. Wannan sakaci ne, kuma masu sauraro ake cuta.

Tunda mun shigo nan, bari in ƙara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato wannan "an" da "a" marasa fuska da manyanmu suka mayar mafaka. "An yi kuskure." "A yi haƙuri." "Abin da ya faru ya riga ya faru." Wa ya yi? Wa zai haƙura? Hausa ta tanadi wannan siga ne don kunya da sakaya suna, irin yadda matar kirki ke cewa "an dawo" ba tare da ta kama sunan maigida ba. Ba a yi ta don mai mulki ya ɓuya a bayanta ba. In shugaba yana so a gane da gaske yake, ya ce "mun yi", ya faɗi abin da suka yi, ya faɗi wa suka yi wa. Ko yaron da ke gaban malaminsa ya san da "na" ake farawa: "Na tuba, na bi Allah na bi ka."

Mene ne asalin "mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba"? Mahauci daga Oko-Oba.

Ai kai ya kamata ka koya mana. Gafarar nan ta neman hanya ce, wadda mai jan sa yake kira don a kauce. In an yi ta kira babu sa, mutane sun daina matsawa. Haka alkawarin da ba a gani a ƙasa.

Malam, ni malamar Islamiyya ce a Agege. Maigidana ya ce shugaban da ya fito ya nemi gafara ya zubar da girman ƙasarsa. Na ce masa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na yi daidai?

Malama, a hukunci kin yi daidai, kuma ina bayanki. A watan Disambar 1970 shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Willy Brandt, ya je Warsaw, ya tsaya gaban wurin tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka, sai kawai ya faɗi bisa gwiwoyinsa, bai ce uffan ba. Shi kansa gudun hijira ya yi daga mulkin Hitler, hannunsa babu jini. A gida wasu sun ce ya wuce gona da iri, amma shekara ta zagayo ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya, kuma har yau da wannan durƙuson ake tuna shi. Ya tashi da tsawonsa, kamar yadda ƙarashen karin maganar ya ce. Mu da ke zaune da Yarbawa kullum muna ganin magidanci da furfurarsa ya kwanta ƙasa gaban wanda ya girme shi, ya miƙe ya kaɗe rigarsa, babu wanda ya raina shi.

Sai dai ki lura da wani abu a jikin karin maganar. Ta kira wanda ake durƙusa wa wada, ta kuma lallashi mai durƙuson da cewa har yanzu shi ne dogo. Ta dace da mai neman biyan buƙata wurin na ƙasa da shi. A wurin neman gafara kuwa, wanda aka zalunta ba wada ba ne. A ranar shi ne babba, domin haƙƙi na hannunsa. Shugaban da ya je da tunanin alfarma yake yi wa talaka, gara ya zauna a gida. Da ni ne, "babba juji ne" zan kawo wa maigidanki, domin ita ce ta faɗi abin da girma yake nufi a wurinmu: ɗaukar abin da aka zubo, har da wanda ba kai ka tara ba.

'Ya'yana da aka haifa a Idi-Araba ba su san komai ba sai "sori". Me zan koya musu?

Ka koya musu uku, don "sori" ɗin nan ta haɗiye uku: "sannu" ga wanda ya yi tuntuɓe, "yi haƙuri" ga wanda ransa ya ɓaci, "ka yafe mini" ga wanda suka yi wa laifi. Maƙwabtanku Yarbawa ma ba su haɗa "pele" da "e ma binu" ba.

Ni ɗalibi ne a jami'ar Legas. Ina yawan jin ana cewa "kurakuran da ƙasa ta yi a baya". Shin "kuskure" ta dace da kowane abu?

Ko kusa, ɗana. Ka koma wurin maharbi. In ya auna barewa kibiya ta wuce, sai a ce ya kuskure ta. Kuskure shi ne ka nufi nan, abu ya faɗa can. Abin da aka zauna aka shirya, aka auna, aka kuma samu, ba kuskure ba ne. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai sakaci, akwai ganganci, akwai laifi, akwai zalunci, akwai ta'asa, kowacce da nauyinta.

Abin da sojojin Birtaniya suka yi wa Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906, inda aka kashe kimanin mutum 2,000 aka shafe garin, ba kibiya ce ta kauce ba. An nufa, an samu. Kisan da Jamusawa suka yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 ma haka, kuma sai a 2021 Jamus ta kira shi da sunansa na kisan ƙare dangi, ta yi alkawarin yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30. Wasu shugabannin ƙabilun biyu sun yi watsi da yarjejeniyar, don sun ce ba da su aka zauna ba. Ka ga abin da na faɗa wa Alhaji a sama: in nema kake yi, ana iya hana ka.

Inda kalmar ta zauna daidai shi ne irin Tudun Biri a jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba 2023, da jirgi maras matuƙi na soja ya jefa bam kan masu Mauludi, mutum fiye da 80 suka rasu. Rundunar ta amsa cewa ita ce, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya taka har garin ya nemi afuwa. Wannan ya kyauta. Amma kada kowa ya ɗauka cewa "kuskure ne" ta rufe magana. A shari'a kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara. Kalmar tana sauke niyya ne, ba ta sauke haƙƙi.

Malam, yaya za a ce mutum ya nemi gafarar abin da aka yi tun ba a haife shi ba? Ba an ce wani ba ya ɗaukar zunubin wani ba? Direban tirela, Apapa.

Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Irinta John Howard, lokacin yana firaministan Ostareliya, ya riƙe shekara da shekaru, yana cewa mutanen yau ba za su ɗauki laifin na jiya ba, game da 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da hukuma ta riƙa rabawa da iyayensu. Sai da Kevin Rudd ya hau, ya tsaya a majalisa ranar 13 ga Fabrairu 2008 ya nemi afuwa da sunan gwamnati.

Amma ka bambanta zunubi da bashi. Zunubi tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, ba a gadonsa. Bashi kuwa, kai ma ka sani, ba a raba gado sai an fitar da shi. Ƙasa ba ta mutuwa balle a ce an rufe littafinta. Wanda ya hau kujera ya gaji baitulmali, ya gaji iyakoki, ya gaji yarjejeniyoyin da na baya suka sa wa hannu, yana ma karɓar bashin da ake bin wasu ƙasashe. Ta yaya zai karɓi na daɗin ya ce na ɗacin ba nasa ba ne? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shugaba ba cewa yake yi "ni na aikata" ba, cewa yake "wannan kujerar ta aikata, kuma yau ni ke kanta". Da wannan fahimtar firaministan Holan Mark Rutte ya nemi afuwa kan cinikin bayi a Disambar 2022, sarkinsu ya biyo baya a Yulin 2023 ya roƙi a yafe.

Ba sai mun je nesa ba. Mu mazauna Ikko mun san abin da soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 ya jawo, mun ga yadda mutane suka yi ta ɗaure kaya suna barin gari don tsoro. Abiola, ɗan takarar shugaban ƙasa a zaɓen, ya rasu a tsare a Yulin 1998. Shekara 25 bayan zaɓen, ranar 12 ga Yunin 2018, Shugaba Buhari, wanda ba shi ya soke ba, ya nemi afuwar iyalan Abiola a madadin gwamnatin tarayya, ya ba marigayin lambar girma ta GCFR. Masu cewa lissafin zaɓen 2019 ne suna da bakin magana, amma kalmar ta fita daga bakin da ya dace, gaban waɗanda suka dace. Janar Babangida kuwa, wanda a zamaninsa aka soke, sai a Fabrairun 2025 ya amince Abiola ne ya ci, ya bayyana nadama, ya ce ya ɗauki alhaki, tare da nuna cewa wasu hafsoshi ƙarƙashin Abacha ne suka tilasta lamarin. Nan ne nake jin ciwon karin maganar nan, "ba a mugun sarki sai mugun bafade". Fadawa da talakawa ne suka ƙirƙire ta don su sami hanyar kuka ba tare da sun taɓa rawani ba. A bakin talaka hikima ce. Ba ta dace da bakin mai rawanin ba, balle in bafaden ya riga ya kwanta dama.

Malamanmu sun ce tuba tana da sharuɗɗa: a daina, a yi nadama, a ƙudura ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa. Na huɗun nan ne gwamnatoci ke tsallakewa. Kwamitin Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam a Najeriya ya saurari koke-koken jama'a, har a nan Legas, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Amurka kuwa, da ta nemi afuwar 'yan asalin Japan da ta tsare lokacin yaƙin duniya na biyu, dokar 1988 ta haɗa da dala 20,000 ga kowane wanda ke raye.

"Afuwan" ko "ahuwo", wanne ne daidai? Tela daga Obalende.

Duka biyun. "Afuwan" ta riƙe rigarta ta Larabci, "ahuwo" kuwa ta daɗe a gari har ta saje, musamman a bakin mutanen yamma da ke mayar da "f" zuwa "h". Kada ka gyara wa Basakkwace.