Amsa ga mai neman fure mai jawo ƙudan zuma cikin lambu

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kabewarki tana yin fure amma 'ya'yan suna ƙanƙancewa su zube, kina neman furen da za ki dasa sau ɗaya ya yi ta yi shekara da shekaru, ya jawo ƙwari masu barbarar tsirrai, ya kuma jure zafin bazara. Ni dai lantana zan ambata miki, wadda wasu ke kira kimbar mahalba. Shekara 6 ke nan tana tsakar gidana, amma ki karanta har ƙarshe, don akwai sharaɗi.

Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu take. Rana take so sosai, aƙalla awa 6 a yini. A inuwa sai ta yi ta zuba ganye, furen kaɗan. Haka ma idan kin cika mata taki. Ƙasa mai rairayi da ɗan takin gida ta wadatar, ruwa kuma kada ya kwanta a gindinta, saiwar ruɓewa take yi. Ba sai kin nemi iri ba: a farkon damina ki yanko reshe kamar santimita 15, ki tsige ganyen ƙasa, ki soka a tukunya, ki ajiye a inuwa. Bayan mako 3 zuwa 4 za ki ga sabon toho. Ƙarshen hunturu nakan yi mata aski sosai, sai ta dawo da ƙarfinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne launinta. A dunƙule ɗaya za ki ga rawaya a tsakiya, ja ko ruwan hoda a gefe. Sabon furen da ke da ruwan zuma shi ne rawayan, idan an riga an yi masa barbara sai ya rine. Ki tsaya da hantsi ki lura, malam-buɗe-littafi kan rawayan yake sauka. Ikon Allah ke nan.

Sai dai gaskiya, malam-buɗe-littafi ta fi jawowa, kabewa kuwa aikin ƙudan zuma ne. Don haka ki haɗa da ɗoɗɗoya ki bar ta ta yi fure, idan akwai fili ki sa zogale. Kafin ƙudan zuman su saba da gidan, da sassafe ki tsinko furen kabewa namiji, mai siririn kara, ki goga ƙurarsa cikin macen, wadda ke da ɗan ƙullutu a gindi. Maganin feshi kuma ki ajiye shi muddin akwai fure.

To ga sharaɗin. Lantana guba ce ga shanu da tumaki da awaki, hanta take taɓawa. Shekarata ta biyu da ita na zubar da rassan da na sare a bakin ƙofa, tunkiyar maƙwabta ta ci. Kwana biyu ta daina cin abinci, idonta ya yi rawaya, fatar hancinta ta fara saɓulewa in ta shiga rana. Da kyar likitan dabbobi ya ceto ta, har yau abin yana damuna. Ɗanyun 'ya'yanta kore ma haɗari ne ga yara. Tsuntsaye kuma suna cin nunannun su watsa irin, shi ya sa ta zame wa makiyaya annoba a Indiya da Ostareliya, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittu 100 mafi ɓarna a duniya idan an kai su ƙasar da ba tasu ba.

Saboda haka a babbar tukunya nake ajiye tawa, ina tsinke 'ya'yan tun suna kore, rassan kuma in busar in ƙona. Idan kina kiwo a tsakar gida ko kina da yara masu rarrafe, ki haƙura da ita, ɗoɗɗoya da zogalen sun ishe ki.